Dutsen Da Ya Ƙi Bushewa

Shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'antar fenti yana hana abu faruwa. Aikinsa ke nan, jami'in kiyaye haɗari. Shi ne mai duba tukwanen kashe gobara, shi ne mai zare taba daga bakin direba kafin mota ta shigo haraba. Ma'aikata suka sa masa suna Tsaya-Tukuna, don ko murfin durom za ka taɓa, da wannan maganar zai tare ka. A tsawon shekarun nan ko yatsa ɗaya bai guntule ba a sashensa, ko tsumma bai kama wuta ba. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo. Manaja ya miƙe zai faɗi wani abin tunawa game da shi, ya yi ta lalube a ƙwaƙwalwa, a ƙarshe ya ce, "Ba mu taɓa jin komai daga wajensa ba." Aka tafa.

Daga ranar kuma ba a sake neman jin komai daga wajensa ba. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ta bar shi a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda mai kallon bayan wani gareji. 'Yarsa ɗaya ce, tana ba da magani a wani asibiti can ɗaya ƙarshen gari. Tana zuwa, ba za a ce ba ta zuwa ba. Sai dai a tsaye take gaishe shi, makullin mota a hannu, jaka a kafaɗa.

Wata Laraba ta kira shi.

"Baba, an ba wa Lauya aiki a makaranta. Wai dutse mai aman wuta za su gina, na wasa, da takarda, kafin ƙarshen zango. Ni ina aiki ran Asabar, Abbansu kuma ka san shago. In kawo maka su?"

Lauya ita ce babbar jikarsa, shekararta tara, kuma ba a banza sunan ya bi ta ba, don ba ta taɓa karɓar amsar farko. Ƙanwarta Auta shekara biyar, ita ba ta tambaya, hannu kawai take kaiwa.

Ya ce zai duba ko yana da sarari. Ya ajiye waya, ya dubi kalandar da babu komai a kanta sai ranar karɓo maganin hawan jini, ya bari minti goma suka wuce don mutunci, sannan ya kira ya ce ya samu.

Ran Asabar yaran suka tarar da falo ya koma wurin aiki. An matsar da kujeru, an shimfiɗa leda a ƙasa, an jera tsofaffin jaridu da kwali da salatef da robar ruwa marar komai. Almakashi ɗaya ne a gidan, yana cikin aljihun Kaka.

"Kaka, malamarmu ta ce aikin yini ɗaya ne," in ji Lauya.

"Malamarku ta taɓa gina dutse?"

"Kai ka taɓa?"

"Ke, naɗe hannun rigarki."

Suka kafa robar a tsakiyar kwali, suka dunƙule jaridu suka kewaye ta, suka ɗaure da salatef. Ya dama fulawa da ruwa a roba, ya nuna musu yadda ake tsoma yankin takarda a tsane shi tsakanin yatsu biyu kafin a manna. Lauya ta yi ta gardama a kan tsayin dutsen. Auta ta tsoma hannu har gwiwar hannu, ta lallaɓa ta bayansa ta shafa masa ƙullun a sanƙo.

"Ɗan tsoho, na yi maka gashi!"

"Ja can, 'yar ƙazama. Wa zai kula ki da wannan hancin?"

"Kai ne ba mai kula ka!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sai da ya ji muryar dariyar ya lura ta yi tsatsa. Da uwarsu ta zo ɗaukarsu, dole ta zauna, don sai da aka wanke Auta tun daga ka har ƙafa. Ta zauna har minti arba'in. Ya ƙirga. Har shayi ta sha, ta ce kofin ya yi mata kama da na mamanta, ya ce shi ne.

"Sai ya bushe kafin a yi fenti," ya ce musu a bakin ƙofa. "Asabar mai zuwa."

Ran Alhamis da safe ya ƙwanƙwasa dutsen da ɗan yatsa. Ya bushe ƙayau, har ƙara yake yi. Ya tsaya a kansa yana lissafi irin na mutumin da ya saba hango ƙarshen abu tun kafin a fara. Asabar da safe a yi fenti, da azahar ya sha iska, a zuba abin zubawa, dutse ya yi amansa. Kafin la'asar an gama. Daga nan kujeru su koma mazauninsu, makullin mota ya koma hannu.

A cikin kabad, bayan dutsen guga, akwai 'yar robar fesa ruwa da matarsa ke yayyafa wa kaya. Ya daɗe yana kallonta. Shi ne mutumin da ya taɓa tsayar da masana'anta yini guda don ya ƙi sa hannu a takardar da aka sauya wa kwanan wata. Ya cika robar a famfo, ya rufe labule kamar makanikan gareji za su kai ƙararsa, ya fesa wa dutsen ruwa daga ƙoli har gindi.

"Bai bushe ba," ya ce ran Asabar, fuskarsa cike da jimami. "Taɓa ki ji."

Lauya ta taɓa, ta dubi yatsanta, ta dube shi.

"Kwana bakwai fa."

"Dutse ne, ba hankici ba."

Tunda sun riga sun zo, sai aka sami abin yi. Suka gina gidaje a gindin dutsen da kwalayen ashana, bayan ya juye ashanar ya kulle ta a durowa. Lauya ta ce wane marar hankali ne zai yi gida a nan. Ya ce ai kullum ana samunsu, kuma su ne suka fi kowa yawan 'ya'ya. Asabar ta uku dutsen ya sake wayar gari da danshi, aka yi titi da gada da bishiyoyin tsinken sakace. Auta ta ce murfin kwalbar maganinsa motar asibiti ce, ta ajiye shi kusa da gada, shi kuma ya bar kwalbar a buɗe duk makon bai nemi wani murfin ba.

Tsakanin Asabar da Asabar gidan yana nan yadda yake. Firij yana gurnani, agogon ritaya yana aikinsa, makanikai suna zagin juna a ƙasa. Amma yanzu akwai abin da ke zaune a tsakiyar falo, kuma yakan sami kansa yana cin abinci a gefensa. Da yamma yakan gyara bishiyar da ta karkace. Ran Alhamis kuma ya ja labule.

Asabar ta huɗu wani kore-kore ya fito a gefen dutsen, falon ya fara warin tsohuwar rijiya. Lauya ta zagaya shi sau biyu, hannu a baya.

"Kaka, me ya sa samansa ya fi ƙasansa jiƙa?"

"Haka dutse yake. Sama ta fi sanyi."

"Me ya sa jaridar da ke gefe take da ɗige-ɗige?"

"Raɓa."

"A cikin falo?"

"Ke fa kin cika surutu."

"Wani ne yake jiƙa shi."

"Wa zai yi wannan aikin banza?"

"Ai kai kaɗai ne a gidan."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, hujja kawai ta kawo. Ya sunkuya yana gyara wata bishiya. Ita kuwa ta shiga ɗaki ba sallama, ya ji ƙarar kabad, ta fito da robar fesa ruwa tana girgiza ta, ruwa na motsi a ciki.

"Guga nake yi da ita," ya ce.

Ta dubi rigarsa, wadda rabonta da guga tun matarsa na raye. Ta jefa robar a jakar makarantarta ta ja zif.

Uwarsu ta zo, ta toshe hanci tun daga ƙofa. "Baba, wai bene kuke ginawa? Litinin ta sama za a kai abin nan. In nan ɗin ne ba iska, mu tafi da shi a sa shi gaban fanka."

"Zai bushe," in ji Lauya, idonta a kan Kaka. "Wannan karon zai bushe."

Ya bushe kuwa. Ya kai shi baranda da kansa, ya goge koren, rana ta yi masa kwana uku. Asabar ta biyar suka yi fenti, kuma a nan kam babu mai koya masa. Ya haɗa musu toka-toka da ruwan ƙasa, ya sa ja a bakin ramin, ya bi da abin ƙyalli don kada jiƙa ta shiga takardar. Suka ci burodi da ƙwai suna jiran ya sha iska. Ya ci a hankali, ya ƙara shayi, ya wanke kofunan ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka lokacin ya zo.

Aka ɗora dutsen a babban faranti a baranda. Ya manna salatef a ƙasa, ya ce babu mai tsallake shi sai wadda aka kira. Ya fito da tabarau na kariya guda biyu da suka biyo shi daga wurin aiki. Na Auta ya rufe mata rabin fuska, ta koma kamar ƙuda. Ya karanta musu doka: ba a leƙa ramin, ba a lasa, ba a murza ido, in abu ya fantsama a fuska a tafi famfo.

Lauya ta ce, "Kaka, khal ne fa, ruwan tsamin nan, da bekin soda. A kicin ake amfani da su."

"Wuƙa ma a kicin take."

Sannan ya juya musu baya, ya kare da jikinsa, ya auna abin da zai auna ya zura ta mazurari. Ya kira Lauya, ya miƙa mata kofin khal, ya riƙe gwiwar hannunta.

"Zuba gaba ɗaya, ki ja baya."

Da farko shiru, sai wani ɗan huci daga ciki. Sai jar kumfa ta taso ta cika bakin, ta yi tozo, ta ɓalle ta kowane gefe, mai kauri, tana gangarowa a hankali kamar ta san ana kallonta. Ta cinye bishiyoyi, ta haye gada, ta shiga gidajen masu yawan 'ya'ya. Auta ta ƙwalla ƙara tana tsalle a bayan salatef. Lauya, wadda ba ta yarda abu ya burge ta, ta manta bakinta a buɗe. Har wani makanike ya ɗaga kai daga ƙarƙashin mota.

Daƙiƙa arba'in da biyu. Ya duba agogo, kamar yadda ya saba. Mako biyar ke nan ya tafi a daƙiƙa arba'in da biyu.

"Sake! Kaka, sake!"

"Sau ɗaya ake yi a rana."

"Wa ya ce?"

"Ni."

Ya tsiyaye robar, ya goge dutsen da tsumma. Ya kawo kwalabe biyu a rufe, ya rubuta 1 a jikin ɗaya, 2 a jikin ɗayar, na ranar Litinin. A fara zuba ta farko, a bi da ta biyu, a gaban malama.

"Me ke cikin ta ɗaya?" in ji Lauya.

"Sirrin kamfani."

"In ta ƙare fa?"

"Sai ku zo a haɗa muku wata. Ran Asabar ina nan."

Sirrin kamfanin bai wuce ruwan ɗumi da cokali ɗaya na sabulun wanke-wanke da ya ƙara wa sodar ba, shi ke sa kumfar ta yi kauri ta daɗe. Duk mai waya a hannu zai iya gano shi kafin shayi ya huce. Ya san haka. Amma ya san 'yarsa ba ta da lokaci, surukinsa kuma bai taɓa karanta bayanin komai ba, don haka ya riƙe cokalin sabulun nan kamar makullin ma'aji. Aka sa dutsen a but ɗin mota, Auta tana ɗaga masa hannu ta gilashin baya har suka sha kwana.

Ran Juma'a ya je kanti ya sayo jarkar khal mai lita huɗu. Mai kanti ya tambaye shi ko gidan abinci zai buɗe. Ya ce jikoki ne, kuma ya faɗa da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

Asabar tun ƙarfe tara ya share baranda, ya jera cokula da mazurari, ya ajiye jarkar a gefen ƙofa. Ba wanda ya ce masa za a zo. Ba kuma wanda ya ce ba za a zo ba, a kan wannan ya dogara. Goma ta yi. Sha ɗaya ta yi. Ya tsaya yana kallon makanikai suna fitar da injin wata mota da sarƙar da shi da a ce a wurin aikinsa ne da tuni ya sa an jefar da ita. Bai ce musu komai ba, ba su tambaye shi ba.

Sha biyu saura waya ta yi ƙara. Lambar surukinsa ce, mai shagon kayan gyaran mota, mutum mai fara'a wanda ya yi imani duk abin da ya ƙi aiki ƙarfi ne bai ji ba. Amma muryar Lauya ce, da hayaniyar yara a bayanta.

"Kaka, mun zo na biyu a aji! Wanda ya zo na ɗaya babansa ne ya sa masa fitila, cuta ce."

"Madalla. Kuna hanya ne?"

"A'a, muna gida. Mama tana aiki, Abba ya rufe shago da wuri. Yaran maƙwabta sun zo kallo, mun zuba khal da soda amma ya ƙi tashi irin naka. Sai ya yi fuuu ya kwanta."

Wani daɗi marar kyau ya ratsa shi. Ya gyara murya. "To ai na gaya miki. Ku shigo mota..."

"Ba sai mun zo ba, Abba ya gano. Bilic ɗin wanki zai ƙara, wai shi ne mai ƙarfi."

"Ba shi wayar."

"Yana buɗe..."

"Ba shi wayar yanzu!"

Makanikan ƙasa suka ɗago gaba ɗaya. Muryar surukin ta zo, da dariya a cikinta. "Baba, ina wuni, ya ƙarfin jiki..."

"Ka zuba?"

"A'a, yanzu dai nake..."

"Mayar da murfin. Ɗaure shi. Kai shi inda yaro ba zai kai hannu ba, ina jira." Ya ji takun silifa, ya ji ƙofa. "Bilic da khal in suka haɗu iska suke fitarwa mai shaƙe mutum, ta ƙona ido, ta ƙona ƙirji. A ina kuke?"

"Kicin."

"Yara nawa?"

"Bakwai. Au, takwas."

"Taga a buɗe?"

Ya ji ƙarar buɗe taga da sauri. Can surukin ya ce, murya ta yi ƙasa, "Wallahi ban sani ba, Baba. Allah ya tsare." Bai kai numfashi biyu ba fara'arsa ta dawo. "To me ake sawa? Don yaran nan sun tasa ni gaba. Akwai ruwan batir a but, ko shi zai..."

Tsohon ya rufe ido. Maganar tana nan a kan harshensa, a shirye: kwaso su ku taho, komai yana nan. Tafiyar minti arba'in ce. Amma ya yi shekara talatin da ɗaya da irin wannan mutumin, ɗaruruwansu, masu kirki, masu sauri. Ba za su ɗauki yara takwas su ratsa gari saboda kumfa ba. Zai ce to Baba, ya ajiye waya, ya durƙusa ya buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya ga me kuma ke ciki.

"Fitar da dutsen waje," ya ce. "Sa wayar kowa ya ji. Lauya, kawo biro."

Ya faɗa musu duka. A wanke robar tukuna. Soda cokali biyu, ruwan ɗumi rabin kofi, ba mai zafi ba. Sabulun wanke-wanke cokali ɗaya. Jar kalar abinci ɗigo biyar. A juya. Khal kofi ɗaya, a zuba a ja baya. Ba a rufe bakin robar ko da wasa. Ban da waɗannan ba a ƙara komai, ko gishiri.

"Sabulu?" in ji Lauya. "Shi ke nan sirrin?"

"Shi ke nan."

"Kai, Kaka!"

"Maimaita mini abin da kika rubuta."

Ta maimaita, ba kuskure ko ɗaya. Sai ya ji an ajiye wayar a kan wani abu mai tauri, muryoyin suka yi nisa. Ba wanda ya kashe ta. Ya ji ƙarar cokali a jikin kofi, ya ji surukinsa yana cewa kowa ya matsa baya, da wata murya ta manya wadda ba tasa ba. Shiru. Sai ihun yara takwas ya fashe masa a kunne har ya ɗan janye wayar.

"Abba ya iya! Abba, sake!"

Abba bai san dokar sau ɗaya a rana ba. Aka sake. Tsohon ya jawo kujera ya zauna a baranda, wayar manne da kunnensa. A karo na biyu ya gane dariyar Auta a cikin sauran. A na uku ya ce, "Kada a murza ido," amma babu kowa kusa da wayar. Hannunsa ya gaji, ya mayar da ita ɗaya kunnen.

Ana shirin na huɗu ya ji Lauya ta ce khal ya ƙare. Yara suka yi ta ƙorafi. Surukin ya ce kada kowa ya damu, akwai kanti a bakin layi, bari ya ɗauko wayarsa ya je ya dawo. Takun silifa ya matso, ya yi ƙarfi.

"Akwai a nan," tsohon ya ce da sauri. "Lita huɗu, ko buɗe ta ban..."

Layin ya yanke.